Gurbin Muntaka a Sahu

Juma'a, 2 ga Zulƙida 1339, bayan La'asar

Bismillahi. Takardar nan ta rubutun laya ce, amma yau ba ni da wanda zan yi wa magana, bari in yi mata.

Mun zauna gindin tsamiyar masallaci kamar kowace Juma'a. Na ce "mun", to ni ne da Manu makaɗi, sai wasu tsofaffi biyu da kurumta ta hana su jin labari. 'Yan Alhamis ke nan yau. Tun zamanin iyayenmu haka ake yi a unguwar nan ta Matamaye: ran Juma'a a zauna a zaɓi aikin mako, ran Alhamis Manu ya buga gangar gayya a fita. Da rani yasar rijiya da yaɓen masallaci da gyaran jinkar tsofaffi. Da damina gonaki, na marasa ƙarfi tukuna, sannan namu bi da bi. Kabari ne kawai ba ya jiran Alhamis. Ni Almu aka ɗora wa sarautar gayya, ba don na fi kowa ƙarfi ba, don na fi kowa faɗa.

Jiya muna gonar Iya Habi makauniya. Ni ina zaune gindin gawo, kurkunu ya fasa mini idon sawu, da baki nake noman. Sahu ya kai tsakiyar gona sai ga masu jan hula, dakarun Nasara, sun ɓullo daga cikin kalgo da igiyoyi. Ko wahalar nema ba su sha ba, gangarmu ta tara musu mutane wuri ɗaya. Wai ruwa ya cinye hanyar Damagaram, Nasara na so a gyara. Waɗanda ƙafa ta cece su sun faɗa daji. Sauran an tasa ƙeyarsu, har da Sallau maƙeri, har da ƙanena Muntaka.

Gonar Muntaka ce ke bi Alhamis mai zuwa. Ko noman fari ba a yi mata ba.

Asabar, 3 ga wata, da hantsi

An yi ruwa. Ban taɓa jin haushin ruwa ba sai yau.

Litinin, 5 ga wata, bayan Azahar

Na ari jakin Manu na je na duba gonar, can kan hanyar Kance. Muntaka da haɗama! Bana ya ƙara shema, ya faɗaɗa gonar har bakin fadama, wai ya gaji da aron dami a rumbuna. Ga shi nan ya shuka abin da mutum ɗaya ba ya nomewa, ya tafi ya bar mu da shi. Ciyawar harkiya ta taso ta kamo geron a tsawo.

Baiwa matarsa na ciki ita kaɗai, goyo a baya, tana sara. Abin da ta nome tun Asabar bai fi shimfiɗar tabarmi huɗu ba. Da ta hange ni ta durƙusa ta kawar da kai. Tun da aka kawo ta gidanmu muryarta ba ta taɓa nufo ni ba, matar ƙane ce, abin da za ta faɗa mini sai ya bi ta bakin Sa'a matata. Na gaishe da iska, ita ma ta amsa wa iska, na juya jaki.

Bakuna uku take ciyarwa ban da nata. In gonar nan ta tafi, rumbuna ba zai ɗauki gida biyu ba. Na auna ta kowace fuska, ba zai ɗauka ba.

Laraba, 7 ga wata, da almuru

Manu ya zo zaure ya tarar ina naɗe kurkunu a tsinke. Kullum ɗan kaɗan yake fitowa, in ka ja da ƙarfi ya tsinke ka shiga uku.

Na ce, "Gobe ka buga."

Ya ce, "Sarki, wa zan kira? Rabinsu na kwana a daji, wasu sun tsallaka ƙasar Daura."

"Ka buga dai. Alhamis ce."

"In ja musu igiya karo na biyu?"

Na zazzage shi tas, tsoho sa'an ubana. Ya bar ni na gama, ya ce zai buga, amma alhakin a wuyana.

Da ya tafi na zauna ina jera sahun a kaina. Kowa da gurbinsa, ba a sakewa. Inusa a bakin iyaka don ya fi kowa sauri, Sallau a tsakiya, ni kusa da shi, Muntaka a haguna. Bahago ne, in ya tsaya a dama hauyoyinmu karo suke yi. Kullum sai ya wuce ni ya waiwayo yana dariya: "Yaya, alƙalami ya lalata maka hannu." Mara kunya.

Alhamis, 8 ga wata, da Azahar

Manu ya buga tun fitowar rana har hannunsa ya gaji. An amsa kira: masu jan hula biyu.

Babbansu ya ce, "Sarkin gayya, ina mutanenka?"

Na ce, "Suna wurinku."

Ya sunkuya ya dubi ƙafata, ya yi dariya. "Allah ya ba da lafiya da wuri. Muna jiranka."

Baiwa na can tsakiyar gona duk wannan abin, ko kai ba ta ɗaga ba.

Juma'a, 9 ga wata, bayan La'asar

Ba kowa gindin tsamiya. Jiya an yi rashin jariri a gidan marina, masu furfura suka haƙa kabarin, suna yi suna hutawa. Randar Iya Habi ta bushe, da samarinmu ne ke cika mata. Sa'a ta kai mata tulu ɗaya. Bangon masallaci na gabas ya fara zubewa. Duk ina gani, duk ina sane, ba abin da zan iya.

An sake ruwa.

Lahadi, 11 ga wata, da hantsi

Sallau ya dawo. Ta bayan gida ya shigo, ban gane shi ba sai da ya yi magana. Maƙerin da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai, yau da bango yake tashi. Gudowa ya yi.

Ya zauna. Na ba shi ruwa. Ya ƙi duban idona. Ya ciro wani abu daga cikin riga, naɗe a tsumma, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Sarki, ran Talata ne. Mun yi iyakar..."

Na ce, "Ya isa."

"Ni da hannuna na..."

"Na ce ya isa, Sallau. Wa ka gaya wa?"

Ya ce ba kowa. Na sa shi ya rantse. Ya wuce ƙauyen Yauri wurin surukansa ya ɓuya. Abin da ya kawo na cusa shi cikin jinkar zaure.

Litinin, 12 ga wata, da Asuba

Na yi salla, ban san raka'a nawa na yi ba.

Talata, 13 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta dalilina ko don ni kaina in gani.

In na buɗe baki yau, gobe Baiwa ta shiga ɗaki. Wata huɗu da kwana goma. Tsofaffin matan gidan nan ba za su bari ta taka ko bakin zaure ba, balle hanyar Kance. Kafin ta fito an gama girbi an ɗaure dammuna. Hauya ɗaya ce tak ke motsi a gonar nan, tata ce. In na yi magana na tsayar da ita.

Na san hukuncin. Ni nake karanta wa mutane shi. Ba cewa na yi zan ɓoye har abada ba, a gama noman fari kawai. A gama noman fari, sannan.

Allah ka gani. Ba ni da wata dabara.

Alhamis, 15 ga wata, da La'asar

Tunda ganga ta zama abin tsoro, na bar ta a rataye na bi gida gida a kan jaki. Na ce ba kiɗa, ba waƙa, mu je uku uku kamar masu zuwa itace.

Inusa ya fito yana dafe da ƙugu, wai bayansa ya riƙe. Inusan da na hange shi shekaranjiya yana tsallake darni kamar barewa don ya ji kukan doki.

Na ce, "Bara wa ya nome maka gona da kake kwance?"

Ya ce, "Sarki, ban manta ba. Amma in aka tafi da ni, wa zai nome tawa? Kai?"

Sai na zage shi. Wani ya ce uwarsa ta hana. Wani matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa. Kowa kuma sai ya ƙare da magana ɗaya: "A bari Muntaka ya dawo, ai sun kusa sako su, sai mu yi masa gaba ɗaya." Ni kuma in ce to. Sau nawa na ce to yau.

Asabar, 17 ga wata, da hantsi

Sa'a ta shigo zaure da ƙwarya cike da garin gero, an daka da barkono da kanwa yadda yake so.

Ta ce, "Malam, in ji Baiwa. Wai ta ji fatake za su Damagaram, a ba su su kai wa mai gidanta. Daga abincinta ta rage."

Na karɓa. Wallahi na karɓa da hannu biyu, har na ce madalla.

Na rasa inda zan kai shi. Ba na iya ci, ba na iya zubarwa. Na hau jaki na kai wa Iya Habi na ce sadaka ce daga wani bawan Allah.

Talata, 20 ga wata, bayan La'asar

Kwana biyu ke nan ina zuwa gonar. Tsayuwa ta gagara, da gwiwa nake ja, ƙafar a miƙe a baya. Na kama daga can ƙarshen, ita tana wannan ƙarshen, ba mai duban wani. Sa'a na zuwa in ta gama tamu. Inda Baiwa ta fara nomewa ciyawa ta sake rufe shi. Geron bakin fadama ya yi ja ya sirance.

Yau na ji tana yi wa goyonta waƙa, tana cewa baba na nan tafe. Na sa goshina a ƙasa kamar mai cire ƙaya, na daɗe a haka.

A gama noman fari. Yaushe? Da wa?

Alhamis, 22 ga wata, da safe

Alhamis. Babu.

Asabar, 24 ga wata, da Azahar

Sa'a ta ce na rame, ta ce ina magana cikin barci. Na ce kurkunu ne. Ta ce kurkunu ba ya sa mutum ya riƙa kallon jinka. Na daka mata tsawa, ta fita tana share ido. Ita me ta yi.

Ruwa, ruwa, ruwa. Kowa na murna damina ta yi kyau.

Litinin, 26 ga wata, bayan Magariba

Ina alwala a bayan zaure, jikin zanan da ya raba sashena da nasu, sai na ji an ce, "Yaya."

Na ɗauka Sa'a ce. Ba ita ba ce.

Baiwa ta ce, "Yaya, ka yafe mini, yau zan yi rashin kunya. Iya Habi ta maido mini da ƙwaryata. Ta shafa ta ji ɗinkin da na yi wa bakinta, ta gane tawa ce. Ta ce Allah ya saka, garin ya yi daɗi."

Buta na hannuna, ruwa na zuba a ƙasa.

"Garin da na daka wa mai gidana."

Na ajiye butar.

"Tun ran nan nake jira. Ni ba ni da bakin tambaya, kai kuma ka ƙi faɗa. Kullum in sa kwalli in fita, ban sani ba ko zunubi nake kwasa. In akwai abin da aka kawo, a ba ni."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gonar fa?"

Ta ce, "Yaya, gonar nan ta fi ƙarfina tun ran farko. Kai ma ka sani."

Na shiga zaure na zaro tsumman daga jinka. Na miƙa ta saman zana. Hularsa ce, wadda ta saƙa masa da Ƙaramar Salla. Ba ta yi kuka nan da nan ba, sai da na ji ta shiga ɗaki.

Muntaka ya rasu. Ga shi na rubuta. Muntaka ƙanena ya rasu a aikin hanya, an rufe shi inda ban sani ba.

Talata, 27 ga wata, bayan Azahar

Na gaya wa Liman bayan sallar Asuba. Ya tambayi yaushe na ji, na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Almu, da karatunka?" Bai ƙara ba, gara ma ya mare ni.

An yi masa salla ba gawa. Baiwa ta shiga takaba. Hauyar ta tsaya.

Sai ga mutane. Mutanen da na yi makonni ina roƙo! Na daji sun fito, na ƙasar Daura sun tsallako, wasu daga Icirnawa, Sallau daga Yauri yana ja da sanda. Gaisuwar mutuwa ba a aiko da ita, dole mutum ya kawo ƙafarsa. Tabarmi sun ƙare har an aro na masallaci. Inusa ya durƙusa gabana yana kuka da majina, bayan ya warke. Na so in shaƙe shi. Na ce masa Allah ya ba da lada.

Ga sahu guda zaune a ƙofar gidana suna jan carbi, gona na can tana mutuwa. Ba a maganar noma a zaman makoki. Na cije bakina har ya yi jini.

Laraba, 28 ga wata, da hantsi

Kurkunun ya ƙarasa fita yau, bai tsinke ba. Ya ga dama ke nan.

Alhamis, 29 ga wata, bayan Magariba

Yau sadakar uku. An taru da hantsi fiye da shekaranjiya. Liman ya yi addu'a, an shafa, an raba gumba. Mutane sun fara neman takalma, ni kuwa ina kallonsu, na san in suka watse shi ke nan.

Sai Sa'a ta fito daga cikin gida, abin da mace ba ta yi a tsakiyar maza. Hauya ce a hannunta, ƙotar ta yi santsi. Ta durƙusa ta ajiye a kan tabarma gabana.

Ta ce, "Mai takaba ta ce a ba Sarkin gayya. Ta ce ita ta gama nata."

Ta koma ciki. Ba wanda ya motsa. Hauyar Muntaka ce, kowa ya san ta, Sallau ya ƙera masa ita da karkata irin ta bahago. Da ita yarinyar nan take ta fama duk makonnin nan, ga nauyi ga karkata, ni ko lura ban yi ba.

Na jawo hauyar na ɗora a cinyata.

Manu ne ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ba a kiɗa a gidan makoki. To, sai mu tafi haka nan."

Inusa ya riga kowa tashi, wannan kam zan rubuta masa. Aka bazu cikin unguwa ana aron hauyoyi, baƙi ma aka ba su. Muka fita biyu biyu, uku uku, kai a sunkuye, wanda ya gan mu zai ce maƙabarta za mu. Masu jan hula ganga suke saurare, yau kuwa ba ganga.

Sahu ya kama daga iyaka zuwa iyaka, ban taɓa ganin irinsa ba. 'Yan Alhamis kowa ya shiga gurbinsa, baƙi suka cike na waɗanda ba su dawo ba. Na ɗaure ƙafata da tsumma na shiga nawa. Ba waƙa, ba kirari, ba mai yi wa wani ba'a, sai ƙarar ƙarfe cikin ƙasa da numfashi. Kafin La'asar mun fita ɗaya ƙarshen.

Na bakin fadama ya riga ya tafi, ba abin da hauya za ta yi masa. Da na yi magana ran da Sallau ya zo, da watakila yana nan. Sauran zai tashi in Allah ya so. Manu ya ce in an yi tattali zai kai su bazara, daga nan rumbuna ya ɗauka. Wannan zan iya.

Da muka tsaya a ƙarshen gona ana shan ruwa na waiwaya. Gonar ta yi fes, ƙasa ja, gero tsaye. Sai ziri ɗaya na ciyawa, kore shar, tun daga inda muka fara har inda nake tsaye, dab da haguna. Ba wanda ya shiga wurin. Mun jera kamar kullum, mun bar masa gurbinsa, ni ma ban ankara ba, ina ta sara ina matsawa dama don kada hauyoyinmu su yi karo.

Kowa ya gani. Inusa ya ɗauki hauya zai koma, Manu ya riƙe masa hannu. Aka watse ba sallama.

Sa'a ta kai wa Baiwa labari an gama. Na ce kada ta faɗi na zirin.

Gobe da Asuba zan je in nome shi. Yau ban iya ba.